Ƙanena yana shan tramol yana tsallake maganin Sida: haɗa shi da mai irin ciwonsa zai yi amfani?

"Salamu alaikum, Likita. Ni malamar lakwal ce a nan Tawa. Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, ya yi shekaru yana ci-rani a Abijan, ya dawo ba lafiya, aka auna shi aka ce Sida ce. An ɗora shi kan magani ya murmure, har ya samu moto yana kabu-kabu. Matsalar ita ce yana shan tramol, wani lokaci har da giya, kuma na lura duk ranar da ya sha ba ya taɓa maganinsa. Awon jinin da aka yi masa na ƙarshe bai yi kyau ba. Majo ya ce zai haɗa shi da wani mutum mai irin ciwonsa, wanda shi ma ya taɓa shaye-shaye ya bari, ya riƙa bin sawunsa. Ya ce haka ake yi wa baƙaƙen fata masu wannan matsala a Amurka. Hankalina bai kwanta ba. Wannan abu yana aiki kuwa? Tsohon mashayi ba zai ƙara lalata mini shi ba? Asirinmu fa, tunda ko innarmu ba ta sani ba? Ba gara a fara raba shi da ƙwaya tukuna ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya biya ki ɗawainiyar da kike yi a ɓoye. In na fahimce ki, kina son sanin ko shawarar majo tana da tushe, ko mutumin da za a kawo ba zai zama sabuwar fitina ba, da kuma ko maganar za ta tsaya inda take. Sai wadda kika ajiye a ƙarshe, wato a fara raba shi da ƙwaya. Da ita zan fara, domin a kanta na fi ganin ana asarar mutane a wurin aikina a nan Yamai, kuma amsarta ce za ta nuna miki ainihin aikin da ake son wancan mutum ya yi.

Maganin ba ya jiran ya bar ƙwaya

Maganin da ake ba mafi yawan manya yanzu, wanda ake kira TLD, haɗin magani uku ne a dunƙule guda: tenofovir, lamivudine da dolutegravir, sau ɗaya a yini. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce da shi za a fara wa kusan kowa, saboda yana da ƙarfi, bai cika wahalar da jiki ba, kuma ƙwayar cutar ba ta saurin gagararsa kamar yadda take yi wa magungunan da. Wanda yake haɗiye shi kullum, yawanci kafin wata shida awo yakan kasa ganin ƙwayar cutar a jininsa, ko liman ne ko mashayi. Barin tramol kuwa, ga wanda jikinsa ya saba, doguwar tafiya ce: a bari, a koma, a sake bari. In aka ce sai ya ƙare wannan tafiya kafin a kula da maganinsa, ko aka yi ta yi masa gori har kunya ta hana shi zuwa likita, cutar za ta cinye garkuwar jikinsa tun bai kai ko'ina ba, tarin fuka ko sanƙarau su tarar da shi ba kariya.

Abin da kika lura da shi ya fi komai nauyi a wasiƙarki: ranar da ya sha ba ya taɓa magani. Mutane sukan ɗauka mantuwar maye ce. Akwai mantuwar, amma sau da yawa da gangan ne, tsoro ne. Ya yarda cewa in magani ya tarar da giya ko ƙwaya a ciki za su zama guba. Wani masani a Amurka, Seth Kalichman, ya bi masu shan maganin Sida da ke shan giya a birnin Atlanta, akasarinsu baƙaƙen fata, sakamakon ya fito a 2013: kusan rabinsu suna tsallake magani da gangan in sun sha ko za su sha, kuma a cikinsu aka fi samun waɗanda cutar ba ta kwanta a jininsu ba. A nan ma maganar ke nan, da bakinmu kawai ake faɗarta: "Likita, ai ba a gama su, faɗa suke yi a ciki." In za a faɗi gaskiya, daga bakin ma'aikatan lafiya wannan tsoro yakan samo asali. A ce wa mutum "wannan magani ba ya son giya" da nufin a hana shi giyar, shi kuwa abin da ya ji shi ne ya zaɓi ɗaya. Daren Asabar ya zo, ya zaɓa.

Ga abin da ya kamata ya ji: TLD ba ya zama guba don ya haɗu da giya ko tramol. Ranar da ya sha ma, ya sha maganinsa. Ba wanke shaye-shayen nake yi ba. Tramol maganin ciwo mai tsanani ne, dangin su morfin, likita ba ya wuce miligiram 400 a yini, na kasuwa kuwa akwai mai 200, mai 225, har mai 250 a ƙwaya guda, yaro ya watsa uku ko huɗu cikin kofi da safe ya hau moto. Tramol yana jefa mutum farfaɗiya ko bai taɓa yi ba, in aka haɗa shi da giya ko diyazefam yana iya danne numfashi, ga ƙanenki da ɗiyan mutane a bayansa. Giya kuma hanta take ci. A nan akwai wani dalili da ya sa tsallake magani ya fi haɗari: ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasarmu, kuma tenofovir da lamivudine suna danne shi shi ma. Mai ɗauke da shi in ya ajiye magani, ciwon hantar yana iya tasowa da ƙarfinsa. Ku tambaya ko an taɓa auna masa.

To wa zai gaya masa wannan ya yarda? Ke yayarsa ce, kunya ba za ta bar shi ya ce miki "jiya na sha biyar" ba, ke ma bakinki ba zai so furta maganar da ta yi kama da izini ba. Majo yana da layin mutane a ƙofa da mintoci kaɗan, amsar da yake samu kuma ɗaya ce daga kowa: "Ina sha kullum, lafiya lau." Amma mutumin da ya san zufa da ciwon gaɓoɓi na safiyar da babu tramol, wanda ya taɓa ɓoye robar magani a cikin buhun hatsi don kada matarsa ta gani, ƙarya ba ta yi masa tasiri, kuma babu dalilin yi masa ita. Amfanin ɗan rakiya, wanda a likita za ki ji ana ce wa mediyater, daga nan ya fara: shi ake gaya wa gaskiya.

Abin da aka gani a Amurka, har da inda bai yi aiki ba

Majo bai faɗi ƙarya ba. Baƙaƙen fata kimanin kashi 13 cikin 100 ne na mutanen Amurka, amma kusan kashi 40 cikin 100 na masu ɗauke da cutar a can su ne. Ba launin fata ya kawo haka ba. Talauci ne, da rashin inshorar lafiya, da rashin muhalli, da yawan jefa su kaso kan laifin ƙwaya, da kuma rashin yarda da asibiti wanda yake da dalilinsa. Daga 1932 zuwa 1972 hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta bi ɗaruruwan baƙaƙen maza masu ciwon tunjere a Tuskegee, jihar Alabama, ba ta yi musu magani ba ko bayan da aka samu fenisilin, don kawai a ga yadda ciwon ke cin mutum. Sai a 1997 shugaba Bill Clinton ya nemi gafara. Jikokin waɗannan mutane ne ake ce wa su haɗiyi wani abu kullum har mutuwa. Mu ma da muka ji labarin gwajin maganin sanƙarau a Kano a 1996, muka ga yadda aka yi ta gudun rigakafin shan inna bayansa, mun san yadda irin wannan tabo ke daɗewa. Shi ya sa can suka fara ɗaukar mutum daga cikin al'ummar, mai ciwon, wanda ya san kaso ya san ƙwaya, su horar da shi ya tsaya tsakanin maras lafiya da asibiti.

An gwada abin ta hanyar raba mutane gida biyu da ƙuri'a, wasu a ba su ɗan rakiya wasu a bar su da kulawar da aka saba, kuma sakamakon ba ɗaya ba ne. Wanda ya fi burge ni shi ne na Los Anjalis mai suna LINK LA, da aka buga a 2018. Mutum 356 ne masu cutar da ke shirin fita daga kaso, akasarinsu baƙaƙe da ƴan asalin Latin Amurka, da yawansu masu shaye-shaye. Ƴan rakiyar sun fara saduwa da su tun suna ciki, bayan sun fito kuma suka riƙa raka su ganin likita da ƙafarsu. Bayan shekara, waɗanda aka raka suna nan inda suke: kashi 49 cikin 100 cutar a kwance take a jininsu. Waɗanda ba a raka ba sun faɗo daga kashi 52 zuwa kashi 30. Ki lura, rakiyar ba ta gyara kowa ba, faɗuwa ta hana. A garin dai, Laura Bogart da abokan aikinta sun gwada wani shiri mai suna Rise, inda baƙin mutum da aka horar yake zama da baƙi ɗan'uwansa su yi maganar wariya da zargin da yake yi wa magani a fili, ba a ce masa jahili ba, aka ga shan magani ya fi daidaita.

Ga kuma ɗaya gefen. Gwajin INSPIRE, wanda ya fito a 2007, ya tara masu cutar da ke yi wa kansu allurar ƙwaya a birane huɗu, aka yi musu zama goma na koyon taimaka wa ƴan'uwansu. Da aka duba shan magani, ba su fi waɗanda aka nuna wa bidiyo aka tattauna da su ba. Wani babban gwaji shi ne Project HOPE na 2016: mutum 801 da ke kwance a asibitoci 11, duka masu cutar kuma masu shaye-shaye, fiye da kashi uku cikin huɗu baƙaƙen fata. An ba wasu jagora mai bin lamarinsu na wata shida, wasu jagora da ɗan kuɗin ƙarfafa gwiwa, wasu aka bar su da kulawar da aka saba. A wata na shida masu jagora da kuɗi sun fi. A wata na goma sha biyu, wato wata shida bayan an janye jagororin, bambancin ya ɓace, kowane rukuni bai kai kashi 40 cikin 100 ba. Jagororin nan ma'aikata ne da aka horar, ba lalle masu ciwon ba, amma darasin ya shafe mu kai tsaye. A nahiyarmu, wani ƙaramin gwaji mai suna Khanya a unguwar Khayelitsha ta Afirka ta Kudu ya nuna tsara da aka horar zai iya taimaka wa masu shaye-shaye su riƙe maganinsu, sai dai mutanen kaɗan ne.

Yadda ni nake karanta waɗannan duka: tara mutane a ɗaki a yi musu bayani bai cika canza komai ba, wanda ya tashi ya bi mutum zuwa inda matsalar take shi ke canzawa, kuma amfanin yakan tsaya ranar da rakiyar ta tsaya.

Kada kuma a kwaso na Amurka a dasa a Adar yadda yake. Can hodar iblis da heroyin da allura ne, suna da magungunan maye gurbi irin su metadon. A Afirka ta Yamma sai a Disamba 2014 aka buɗe cibiyar farko mai ba da metadon, a asibitin Fann da ke Dakar. Ƙanenki ba allura yake yi ba, kuma wataƙila ba don nishaɗi ya fara ba. Yawancin ƴan kabu-kabu da leburori da masu haƙar zinariya a Jado da na gani, don ƙarfin aiki suka fara, kada su ji rana, kada su ji yunwa. Ɗan rakiyar da zai yi masa amfani sai wanda ya san tasha da fada da teburin mai shayi. Akwai kuma wani abu namu da ba na can ba. Cutar ba ta da yawa a Nijar, binciken ƙasa na 2012 ya samu kashi 0.4 cikin 100 na manya. Alheri ne, amma ya sa kowane mai ciwon yana ganin shi kaɗai ne a garinsu. Magani kyauta ne tun wajen 2004, akwai ƙungiyar masu ɗauke da cutar ta ƙasa, RENIP+, duk da haka za ki samu saurayi ya shekara biyu yana karɓar magani bai taɓa magana da wani mai irin ciwonsa ba. Ranar da ya ga magidanci da tumbinsa, da mata da ɗiya lafiyayyu, ya ce masa "ni ma shi nake sha", abin da ya shiga zuciyarsa ya wuce duk bayanin da na iya yi.

Tsoronki biyu

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, kuma ba zan ce miki tsoron banza ne ba. Sai dai a abin da na gani, haɗarin ya fi karkata ga ɗan rakiyar kansa: shi ne yakan koma ruwa in aka ɗora masa mutane da yawa, ba albashi, ba mai tambayarsa yadda ya kwana, yana yawo cikin wuraren da ya gudo daga gare su. Saboda haka tambayoyin da za a yi wa majo su ne: tun yaushe mutumin ya bari, kuma nasa awon yana da kyau? An horar da shi, ko dai an ga yana da kirki ne aka ce ya taimaka? Wa yake kai wa rahoto, sau nawa? Ana ba shi wani abu a wata, ko kuɗin mai da na kira? In amsar ita ce sa kai yake yi fisabilillahi, Allah ya ba shi lada, amma ki sani ranar da cefane ya matsa zai tafi neman na kansa. Yawancin kuɗin wannan aiki daga waje yake zuwa, musamman Asusun Duniya na yaƙi da Sida da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro, kuma shiri yakan ƙare. Ki tambaya har yaushe za a yi, da wanda zai karɓa in an tsaya.

Akwai iyakokin da nake gindaya wa duk wanda ke aiki tare da ni. Babu rance tsakaninsa da wanda yake rakiya, ko dala. Ba ya sayar masa da komai, ko na gargajiya ko na bature. Ba ya canza masa magani ko lokacin awo da kansa. Ba ya zama mai kai rahoto gida. Ba ya wa'azi, domin ƙanenki yana da masu yi masa wa'azi da yawa, mai saurare ne ba shi da shi. Namiji ga namiji, kuma kada ya kasance ɗan fadarsu ko ɗan tasharsu.

Batun asiri kuwa, ki tuna mutumin nan asirin da yake riƙe wa ƙanenki irin nasa ne, ya san abin da tonuwarsa ke jawowa. Dokar ƙasa ta 2015 kan wannan cuta ta hana fallasa mai ita da nuna masa wariya. Inda asiri ya fi yoyo ba bakin ɗan rakiya ba ne, ƙafarsa ce. In duk Tawa an san shi da "mai aikin Sida", tsayuwar motonsa a ƙofar gidanku sau biyu ta isa labari. Shi ya sa tun zaman farko ake yanke inda za a riƙa haɗuwa, da sunan da za a sa a salula, da cewa ba a rubuta sunan ciwo ko na magani a saƙo. In ƙanenki ya ga fuskar bai natsu ba, yana da damar ya ce a ba shi wani. Kuma, Malama, ki yi haƙuri da wannan: shi ne zai ce e ko a'a, ba ke ba, ba majo ba. Baligi ne. In aka ƙulla abin a bayansa zai ɗauki mutumin ɗan leƙen asirinki, shi ke nan an rasa abu ɗaya da ake nema, wato gaskiyarsa. Gaya wa inna ma nasa ne, a lokacin da ya zaɓa.

Ba ki ce ko yana da iyali ba. In yana da mata ko yana neman aure, maganar ta gaggawa ce. Wanda cutar ta kwanta a jininsa har awo ba ya ganinta ba ya sa wa matarsa ta hanyar kwanciya, manyan bincike na PARTNER da suka fito a 2016 da 2019 sun tabbatar da haka. Amma yanzu da awonsa ya hau, yana iya sa wa. Sai kwaroron roba, ita kuma a auna ta. Wannan magana ce da namiji mai ciwon, wanda ya taɓa zama gaban tasa matar ya faɗa, ya fi kowa iya buɗe ta.

Aikin da kansa ƙanana ne

In rakiyar ta kankama, kada ki sa ran ganin wani abin mamaki. Za su zauna su nemo sa'ar da ƙanenki ya fi zama cikin hankalinsa, ga mai tramol yawanci da asuba ne kafin ya sha na farko, su ɗaura maganin a jikin abin da ba ya tsallakewa, salla ko shayin safe. In yana jin sai ya ci abinci tukuna, za a gaya masa TLD ana shansa ko da ciki wayam. In yakan kwana a tasha, ya riƙa tafiya da na kwana biyu a aljihu, sauran a bar su cikin robarsu a rufe, nesa da rana. In ya manta ya tuna da rana, ya sha a lokacin, kada ya ce yau ta ɓaci, kada kuma ya haɗa biyu gobe. Da azumi a mayar da shi bayan buɗa-baki ko sahur, tunda sau ɗaya ne. Ranar randebu ɗan rakiya ya kira, in bai zo ba ya neme shi cikin kwanakin nan, ba sai bayan wata uku an rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace ba.

Wurare uku na fi ganin magani yana yankewa ga samarin Adar, kuma ɗan rakiya na ƙwarai yakan riga su. Na farko ci-rani: kaka ta wuce, mutum ya ɗauki jaka ya nufi Abijan ko Libiya ko Aljeriya da maganin wata ɗaya. Akwai tsarin ba da na wata uku zuwa shida, amma an fi ba wanda awonsa ya yi kyau, wannan kansa dalili ne da ake iya zaburar da saurayi da shi, sannan ya tafi da takardar da za ta sa a karɓe shi a can. Na biyu kamu: mai ƙwaya a aljihu yana iya kwana kwamisariya ko ya wuce kaso, dole a samu wanda ya san yana shan magani ya kai masa. Na uku ya fi ba ni takaici, domin da kyakkyawar niyya ake yi: dangi su gaji, su kai yaro gidan mari ko ƙauye wajen wani malami a raba shi da ƙwaya, su da ba su san da ciwon ba, ya yi wata huɗu ba magani. Addu'a da rubutu ba su hana komai, amma in kin ji ana shirya irin wannan a gidanku, ke ce kaɗai kika san abin da zai biyo baya, ki tsaya.

Naki rabon bai wuce wannan da abu ɗaya ba. Ki bar ƙirga masa magani a ɓoye. Ki samu lokacin da kuke ku biyu ki ce masa sau ɗaya, ba da faɗa ba: "Ko ranar da ka sha abinka, ka sha maganinka, na tambaya an ce ba ya cutarwa." Zai yi mamakin jin haka daga bakinki.

Inda ɗan rakiya ba ya kaiwa

Ban ga ƙanenki ba, ban ga karnensa na likita ba, saboda haka abin da ya shafi jikinsa na likitansa ne. Akwai abubuwan da ko ɗan rakiya ya fi kowa ƙwazo ba nasa ba ne. In tramol ta taɓa jefa shi farfaɗiya aka ba shi Gardenal ko Tegretol, dole mai ba shi maganin Sida ya sani, domin suna rage ƙarfin dolutegravir a jini, mutum yana sha kullum awo yana hawa. Maganin tarin fuka mai rifampisin ma haka, sai an ƙara masa dolutegravir na biyu a yini. Maganin gyambon ciki irin mai alli, da na ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, suna kama shi tun a hanji: a sha TLD awa biyu kafinsu ko awa shida bayansu.

Barin tramol ma kada a yi shi dare ɗaya ga wanda ya daɗe yana sha da yawa. Zufa, gudawa, ciwon jiki, rashin barci da firgita sukan mayar da mutum cikin kwana biyu, ya ƙara yarda cewa ba zai iya ba. Ragewa ake yi sannu a hannun likita, in da hali wanda ya san lafiyar ƙwaƙwalwa. A duba kuma ko akwai ciwon damuwa a ƙasa, domin da yawa daga cikin waɗanda aka gaya wa sakamakon awo suna shan ƙwaya ne don su daina tunani. In ya taɓa cewa gara ya mutu ya huta, wannan ba maganar jira ba ce, a kai shi a ranar.

Ma'aunin ko rakiyar tana aiki ba bakin kowa ba ne, jini ne. Ƙa'ida ita ce in awo ya nuna ƙwayar cutar ta wuce 1000 a kowace mililita ta jini, a ƙarfafa shan magani na kimanin wata uku sannan a sake aunawa. Ga mai shan dolutegravir, mafi yawan lokaci awon yakan sauko da zarar an koma sha kullum, ba sai an canza magani ba. In ya sauko alhali yana nan yana shan tramol ɗinsa, kada ki ce ba a yi komai ba, an yi rabin da ba ya jira, sauran a ci gaba da shi. In bai sauko ba kuma ɗan rakiya ya tabbatar yana sha, likita zai bi magungunan da na ambata ɗaya bayan ɗaya, ya duba ko ƙwayar cutar ta fara gagarar maganin, ya yanke ko za a canza. Ku nemi a rubuta ranar wannan awo na biyu a karnensa tun yanzu.